Mai saye ya ce ya biya, kuɗɗi ba su iso Sakkwato ba: ina sunka tsaya?

Wani ƙanenmu baduku daga shiyar Madunka yat turo tambaya, kuma na san ba shi kaɗai abin ke damu ba shi yas sa zan amsa a fili. Cewa yay yi shina saida jakunkunan fata da takalma a wata kasuwar intanet ta waje, sai abu uku sunka rikice mashi lokaci guda. Wata mata a Amurka ta sayi jaka, kasuwar ta nuna an biya amma kuɗɗin na riƙe ba su fita. Wani mai shago a Jamus yac ce ya turo $600 ta banki kuɗin sari, kwana tara ba alat. Sai na uku da yac ce katinshi ya ƙi wucewa, wai su koma WhatsApp shi biya ta PayPal, har imel ya shigo mai cewa kuɗɗi sun zo amma sai an sa lambar tirakin, wato lambar bin sawun kayan da anka aika, za a sake su. Can ƙasan saƙon kuma yaƙ ƙara da cewa shagon da sunan ɗan yayanshi mai karatu a Ingila anka buɗe shi.

To ƙanena, bari in fara da na ukun don shi ne mai gaggawa. Kada ka kai kayan nan wurin aikawa, ko igiyar takalmi kada ka tura. Wanga ba mai saye ba ne. Gaskiya ne PayPal na riƙe kuɗɗin sabon mai saidawa har kwana 21, kuma gaskiya ne sa lambar tirakin na sa a sake su da wuri, da wagga gaskiyar ɓarayin ke fakewa. Bambancin shi ne kuɗɗin da PayPal tar riƙe da gaske za ka gansu a cikin asusunka in ka buɗe manhajar da hannunka, da sunan wanda yat turo da adadin da komi, an rubuta suna riƙe. In a imel kawai suke ko a sikirinshot, asusu kuma fayau, to babu su, ba a taɓa turo su ba. Kuma in ka biye mashi na san saƙon da zai biyo baya, zai ce wayyo ya yi kuskure ya tura $900 maimakon $400, don Allah ka maida ma ejan ɗinshi na jigila ragowar. Kaya su tafi, kuɗɗin aljihunka su bi su.

Kuma diba maganar katin da kyau. In a babbar kasuwa ta waje kake, mai saye kasuwar yake biya, kamfanin da ke ƙasarsu, bankinshi bai ma san kayan daga Najeriya za su taso ba, don haka zancen wai bankina ya toshe Najeriya bai taso ba a nan. Inda yake faruwa da gaske shi ne in ka tura mashi linkin biya naka na Paystack ko Flutterwave, a nan bankin waje na iya ganin ɗan kasuwar Najeriya shi ƙi, ko lambar tabbatarwa ta ƙi zuwa ma mai katin, ko adireshin da yas sa bai yi daidai da na katin ba. Maganin wannan mai sauƙi ne, shi kira bankinshi shi ce ni ne, ko shi gwada wani kati, kai kuma ka tabbata an buɗe maka karɓar katin waje don sai an nema ake buɗewa, kuma cajin ya fi na gida, Paystack 3.9% da ₦100 take cira. Mai saye na gaskiya in katinshi yaƙ ƙi, wani katin yake ɗaukowa a wuri guda, ba ya jan ka waje. Ranar da kaf fita daga kasuwar kuwa duk kariyar da suke ba mai saidawa ta faɗi, kuma in sunka gano cikin hira cewa kun yi shirin biya a waje shagon ma suna iya rufe shi.

Sauran biyun kuwa kuɗɗi ne na gaske, tsayawa sunka yi wani wuri. Kamar motar albasa ce da tat taso daga nan za ta kudu, in ba ta iso ba ba ka zama kana zagin direba, tambaya kake wane shinge tat tsaya. Kuɗɗin waje ma haka, daga bankin mai saye su shiga hannun kasuwar ko wani banki da ke tsakanin bankinshi da naka, daga nan su je wurin kamfanin da ke biyanka irin su Payoneer, sannan bankinka na gida. Kowane wuri da irin takardar da yake tambaya, kuma kuskuren da mutanenmu ke yi shi ne su tafi bankinsu na nan Sakkwato su tada jijiyar wuya da yarinyar kanta alhali kuɗɗin ko ƙasar mai saye ba su baro ba.

Na matar Amurka, riƙon kasuwa ne, kuma ba kai kaɗai ake ma shi ba. Kasuwannin intanet irin su Etsy da eBay duk suna riƙe ma sabon mai saidawa kuɗɗi ko wani kaso daga ciki, haka in ciniki yat tashi farat ɗaya, ko an kai ƙorafi, ko kana aika kaya ba tirakin. Dalilinsu, mai saye na da damar dawowa shi ce bai ga kaya ba, in sun riga sun biya ka su za su yi asara. Abin da ke sakin irin wanga riƙon shi ne lambar tirakin da na'urarsu ke iya bi har ta ga an miƙa kaya, a kuma sa ta a cikin odar kanta ba a saƙon hira ba, ka aika cikin kwanakin da kai da kanka kas sa a shagon, kuma ka aika zuwa adireshin da ke kan odar kawai. In mai saye yac ce a'a kai ma ƙanwata a wani gari, ka soke odar shi sake saye da sabon adireshin. DHL da FedEx da UPS sun fi tsada, na sani, jaka ɗaya kuɗin aikawa na iya kamo kuɗin jakar, amma tirakin ɗinsu ba ya yankewa a hanya, na gidan waya kuwa wani lokaci da kaya sun bar ƙasar nan sai bayani shi tsaya cak, kuma a idon kasuwar kayan da ba a ga isarsu ba ba su isa ba. A eBay in odar ta kai $750 sai da sa hannun wanda yak karɓa kafin su kare ka.

Amma ni abin da yaf fi tada man hankali cikin saƙonka shi ne layin ƙarshe da kas sako kamar ba komi ba. Shago da sunan ɗan yayanka, kai kana shiga daga Sakkwato, kaya na tasowa daga Najeriya, banki na Ingila. Na'urar kasuwar duk tana ganin wannan, ko da VPN kake shiga, don rasit ɗin aikawa ba ya ƙarya. Ranar da tag ga dama sai ta ce mai shago shi ɗauki hoton fuskarshi da fasfo, shi kawo shaidar inda kayan suke, kuma daga nan riƙon ba na kwana kaɗan ba ne, PayPal in ta taƙaita asusu tana iya riƙe abin da ke ciki har kwana 180. Sannan ka ji tausayin yaron nan. Bizar ɗalibi ta Ingila ta hana mutum yin sana'ar kanshi, kuma tun Janairun 2024 kasuwannin intanet na tattara bayanan masu saidawa suna miƙa ma hukumar harajin ƙasar, HMRC, duk wanda yay yi ciniki 30 ko yaw wuce kimanin yuro 2,000 a shekara sunanshi na cikin jerin. Kenan a takarda yaron ɗan kasuwa ne, kuma shi za a tambaya ba kai ba. Ribar jaka nawa za ta biya karatun da anka kora?

Na san abin da yas sa ake haka, ba son zuciya ba ne kawai. PayPal ta shigo Najeriya a 2014 amma an kwashe shekara da shekaru asusun ɗan Najeriya turawa kawai yake, ba ya karɓa, wasu kasuwannin kuma suna da jerin ƙasashen da sunka yarda a buɗe shago daga cikinsu, in ba ka ciki ba ka ciki. Shi yas sa samari ke buɗe asusu da adireshin Lesotho ko Dubai, su ci wata uku lafiya, rana ɗaya a kulle da kuɗɗin mutane ciki. Hanyar da ba ta da fargaba ita ce ko dai ka zaɓi kasuwar da ke karɓar ɗan Najeriya da sunanshi, ka karanta jerin ƙasashen a shafinsu kafin ka ɓata lokacin ɗaukar hoto, ko ka buɗe naka shafin da linkin biya, ko kuma ka samu wanda ke zaune can da izinin kasuwanci, shago nashi ne na gaske, shi sari kaya wurinka da inbois, wato takardar lissafin kaya da kuɗinsu, shi biya ka kamar kowane dila. Ta ukun ribarta ta fi ƙanƙanta amma kana barci. Kuɗɗin matar nan dai yanzu ɗan yayanka ne kaɗai zai iya fitar da su, shi bi abin da sunka nema da gaskiya, in sun fita ku rufe wanga babin.

In za ka buɗe naka kuma, ga inda mu 'yan arewa ke faɗuwa tun a bakin ƙofa: suna. NIN ta ce Muhammadu, BVN ta ce Mohammed, fasfo ya ce Muhammad, a Payoneer kuma mutum ya rubuta Moh'd ya ƙara da sunan garinsu. Usman da Usmanu da Uthman, Abubakar da Bubakar, a wurinmu mutum ɗaya ne, a wurin kwamfuta mutum uku ne. Wani sunan mahaifi ne a gaba a takarda ɗaya, a ɗayar shina baya. Kuɗɗi sai su zo har bakin asusu su koma don sunan mai karɓa bai yi daidai ba. Ka zauna ka jera takardunka, ka zaɓi rubutu ɗaya, ka gyara sauran tun babu kuɗɗi a hanya, don gyaran suna na cin makonni. Shaidar adireshi ma haka, bil ɗin wuta na gidajenmu galibi da sunan tsoho yake ko mai gidan haya, wani ma sunan kakan da yar rasu tuntuni, ba za su karɓa ba. Sitetimen na banki mai hatimi wanda ke ɗauke da sunanka da adireshinka ya fi, na watannin nan kusa, kuma adireshin shi zama harafi da harafi irin wanda kac cika a fom.

Yanzu Bajamushe da $600. Kwana tara ya yi yawa, turawar SWIFT, wato daga banki zuwa bankin wata ƙasa, galibi kwanan aiki ɗaya zuwa biyar ce, Asabar da Lahadi ba a ƙirga su, haka ranakun hutunsu da namu. Kada ka ce mashi turo man sikirinshot, ce mashi shi karɓo takardar shaidar turawa daga bankinshi, wadda 'yan banki har yanzu ke kira MT103, a jikinta akwai wata doguwar lamba mai suna UETR, harafi da lamba 36. Da ita kowane banki a kan hanyar zai iya ganin inda kuɗɗin suke. Ita za ka ɗauka ka kai bankinka, ka ce teburin kuɗin waje kake nema, kada ka tsaya kan layin masu matsalar ATM. In mutum ya yi ta kwana-kwana ya kasa kawo wagga takardar to ka san bai tura ba. In ya kawo, ka karanta ta da kanka layi-layi: lambar asusun ta dala ce ko ya sa ta naira, lambar SWIFT ta bankinka daidai take, sunanka fa, an sa bankin tsakiya? Bankunanmu ba su karɓar dala kai tsaye daga Jamus, sai ta bi ta wani banki da suke hulɗa da shi, galibi a Amurka, kuma kowane banki na da takardar da ke nuna wane ne nashi na dala, wane ne na yuro, wane ne na fam. Mutum na Jamus, asusunshi na yuro ne, in yat tura yuro zuwa asusun dala ana iya canzawa a hanya da farashin da ba ka so, ko a maida su.

Wani lokacin kuma komi daidai ne, sashen binciken bankin ne yar riƙe shina jiran a ce mi anka saya. Najeriya ta shiga jerin ƙasashen da FATF, hukumar duniya mai yaƙi da halatta kuɗin haram, ke sa ma ido a Fabrairun 2023, an cire ta a Oktoban 2025, amma bankunan waje ba su saki jiki rana ɗaya ba, har yanzu kuɗɗin da za su zo nan ana yi masu tambayoyi. Inbois mai sunanka da nashi da bayanin kaya da adadi, da rasit ɗin aikawa in an aika, su ke buɗe wannan. Kuma in kuɗɗin sunka iso kag ga $570 ko $580 kada ka ce Bature ya cuce ka, bankunan hanya ne sunka yanki nasu. A fom ɗin turawa akwai zaɓi uku, OUR mai turawa ya ɗauki duk caji, SHA ku raba, BEN kai ka ɗauka duka. Galibi SHA ake bari in ba a yi magana ba. Gaba ka rubuta OUR a inbois ko ka ƙara cajin cikin farashi. In kuma bankinka na gida ne yaz zauna kan kuɗɗin ba bayani, ka rubuta ƙorafi a takarda ka karɓi lambar ƙorafin, sati biyu ba su warware ba ka kai sashen kare masu hulɗa da banki na CBN.

Ga ƙananan sari irin wanga ni ban cika son SWIFT ba, cajin ya yi ma $600 nauyi. Payoneer da Grey da ire-irensu na ba ka lambar asusu ta yuro ko dala ko fam, mai saye shi tura kamar turawar cikin gida, ta fi sauri ta fi arha. Sai dai ka karanta sharaɗinsu, asusun karɓa na Payoneer na kuɗin kasuwanci ne, in mutum yat turo daga asusunshi na kanshi ba na kamfani ba suna iya maida shi. Western Union da MoneyGram kuwa tun Janairun 2024 CBN ta ce da naira za a riƙa biya, kuma abin da yaw wuce $200 sai ta asusun banki, ka sani kafin ka yi lissafin dala a hannu. USDT, kuɗin kirifto mai bin darajar dala, ba zan ce ba a yi ba, ana yi, amma wanda zai canza maka zuwa naira ba ka san inda yas samo nairar ba, in ta sata ce asusunka za a daskarar, kai da iyalinka ku koma cin bashi. Haka duk mai sayen da yac ce wani abokinshi a Legas zai tura maka naira a madadinshi, ka ƙi, sau da yawa kuɗɗin wani bawan Allah ne da anka damfara, sunanka ne zai fito a takardar bincike.

Akwai kuma wadda ba ka tambaya ba amma tana tafe, kuɗɗi su shigo ka kashe, bayan wata biyu a zare su. Mai kati na da kimanin kwana 120 shi kai ƙara bankinshi, a PayPal har kwana 180 kan kayan da ba su iso ba. Wasu mugunta ce, amma da yawa fushin kwastan ne. Tun 29 ga Agustan 2025 Amurka ta dakatar da rangwamen da take ma kayan da ba su wuce $800 ba, Tarayyar Turai ta cire nata rangwamen na harajin VAT kan kayan da ba su wuce yuro 22 ba tun Yulin 2021, Ingila kuma kasuwar ke karɓar VAT kan kayan da ba su wuce fam 135 ba, abin da yaw wuce a bakin iyaka ake biya. Mace ta sayi jaka, ɗan aike ya zo ƙofa ya ce sai ta ƙara kuɗi, ta ce ba ta san zancen ba, ta ƙi karɓa, ta nemi a maida mata nata. Ko dai ka biya kwastan tun daga nan ka sa cikin farashi, abin da kamfanonin aikawa ke kira DDP, ko ka rubuta ɓaro-ɓaro a shafin kaya cewa kwastan na kanta. In kasuwar ta riga ta karɓi VAT na Turai za ta ba ka lambar IOSS mai nuna an riga an biya, ka ba kamfanin aikawa ita, in ba haka ba a caji mai saye sau biyu. Kuma kada ka yarda ka rage farashi a takardar kwastan ko ka rubuta kyauta ce don mai saye ya roƙa, kaya sunka ɓace abin da kar rubuta shi za a biya ka.

Ku dukawa akwai naku na musamman. Fatar jan akuyarmu ba ta da matsala, duniya ta san ta tun ana kai ta ta hamada Turawa na ce mata fatar Maroko. Amma kwalliyar fatar mesa ko kada ko guza da ake ɗan liƙawa a baki, waɗanga suna ƙarƙashin yarjejeniyar CITES mai kare namun daji, ba takardar izini kwastan ɗinsu na ƙwacewa, kaya sun tafi kuma dole ka maida kuɗɗi. Sannan warin jima, da launin da ke bambanta daga fata zuwa fata, da rinin da ke ɗan zuba in ya ji ruwa, mu mun saba, su kuwa sai su danna kaya ba kamar yadda anka bayyana ba. Ka faɗa a bayanin kaya tun farko, ka ɗauki hoton ainihin jakar da za ka aika da rana ba da fitila ba, ka yi bidiyon naɗewa da takardar adireshi a jiki. In ƙara ta zo kwanaki kaɗan ake ba ka ka amsa, in ka yi shiru don babu data ko waya ta lalace an yanke maka hukunci kenan, don haka ka riƙa leƙa imel ɗin shagon kullum ko ba ciniki.

In Bajamushen nan ya tabbata mutumin kirki ne kuma oda ta fara girma daga kwali ɗaya zuwa lodi, to ka fita sahun masu aika tsaraba, sai rijistar CAC da takardar mai fitar da kaya ta hukumar NEPC da fom ɗin fitar da kaya na NXP ta bankinka, kuma doka ta ce kuɗɗin kayan su dawo cikin kwana 180. Kafin nan dai, oda ta gaba ka karɓi rabi kafin ka yanka fata, rabi kafin kaya su bar hannunka, kuma inbois ɗin shi ɗauki irin kuɗin da za a biya da shi, da wanda zai ɗauki cajin banki, da wanda zai biya kwastan. Yau dai ka fara da tura mashi saƙo shi kawo UETR ɗin.